Duwatsun Malam Yohanna

Ban taɓa mantawa da ranar da sufeton makarantu ya zo duba ajina ba, a zangon karatu na biyu na shekarar 2025, wata huɗu bayan rasuwar mijina, Malam Yohanna. Tare muke koyarwa a wata firamare a Makera.

Marigayin ne ya jera fararen duwatsu a filin makaranta, ya fitar da taswirar ƙasashe goma sha biyar na ƙungiyar Afirka ta Yamma. Idan darasin ya zo, sai mu raba yara bisa yawan jama'ar kowace ƙasa. Fiye da rabin aji kan cunkushe cikin Najeriya suna ture juna, Nijar da Mali kuwa ga fili amma yara biyu-biyu. Da haka yaro ke gane cewa faɗin ƙasa daban, yawan mutanenta daban.

A ƙa'ida sufeto yakan duba littafin shirin darasi, sannan ya kalli koyarwa. Na fitar da 'yan aji shida, kowa ya tsaya a wurinsa. Hadiza ta tsaya a Nijar kamar kullum, domin mahaifinta, Malam Issufu tela, mutumin Maraɗi ne. Ta faɗi babban birni, ta fara lissafa maƙwabta.

Sufeto ya ɗaga hannu. "Malama, ba kya jin rediyo ne? Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar. Ku na can, ku fito. A kwashe duwatsun nan kafin in dawo."

Na ji labarin ficewar, amma na ɗauka maganar shugabanni ce, ba ta kai filinmu ba. Wani yaro daga cikin Najeriya ya yi ihu, "An kori su Hadiza!" Aji ya fashe da dariya. Hadiza ta tsallako duwatsun, ba ta kalli kowa ba.

Kwana uku ba ta zo ba. Ranar Juma'a na je shagon mahaifinta. Ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Malama, ta ce babban jami'i ya zo ya fitar da 'yan Nijar. Shekara ashirin ina garin nan, ba na son rigima da hukuma. Na gama magana da direba, jibi za a kai ta wurin kakarta a Maraɗi."

Wata biyar ya rage ta yi jarrabawar fita. Na zauna a kan bencinsa na yi ta bayani har aka kira la'asar.

"Ke kin tsaya mata?" ya tambaya.

Na ce na tsaya. Sai ya fasa tura ta.

Ranar Litinin na gaya wa hedimasta ba zan taɓa dutse ko ɗaya ba. Ya ce, "Maman Ladi, takardar tuhuma fa za ta zo." Na ce ta zo. Na sayi shuɗin fenti na shafa wa duwatsun ƙasashen uku, na rubuta a shirin darasi cewa sun bar ƙungiya, amma suna nan inda Allah ya ajiye su. Hadiza ta koma wurinta.

Abin da na koya, kuma nake gaya wa sababbin malamai, shi ne kafin ka nuna wata ƙasa da sanda, ka duba ko ɗan wa ke tsaye a kanta.