Rabin Maganar Gwaggo

A shekarata ta ƙarshe a makaranta na yi bincike a kan matan da ke yin man kaɗe a Tamale. Na ci, har da yabo, amma ba na son a tuna min.

Gwaggona, yayar babana, a unguwar Kukuo take, tun kafin a haife ni take wannan sana'a. Na hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, na je, na ajiye waya a gabanta tana ɗaukar murya, na tambaye ta game da injin kwaɓa da aka kawo musu. Ta ce, "Injin ya hutar da hannuwanmu, 'yar nan. Amma man da yake fitarwa, ko a ƙafar jikana ba na shafawa." Wai hannu yana jin lokacin da mai ya rabu da ruwa, inji kuwa juyi kawai ya sani.

Na mayar da maganar Turanci yadda ta faɗa, na bi ta da sakin layi guda ina bayanin abin da take nufi. Wallahi duk aikin babu shafin da na fi so kamarsa.

Malamin da ke duba aikina ya karanta, ya ja jan biro a ƙarƙashin rabi na biyu na maganar Gwaggo.

"Babinki cewa yake inji ci gaba ne. Wannan me yake yi a nan?"

"Malam, haka ta faɗa."

"Wa ya ce ki ƙara mata? Ki tsaya a kan hannuwan, ki sa ɗigo uku. Kowa haka yake yi."

Kowa, wai. Tir. Sati biyu ya rage a rufe karɓa, in bai sa hannu ba sai na maimaita shekara. Na yanke. Abin da ya fi ba ni ƙyama ma sabon bayanin da na rubuta a ƙasa, wai wannan ya nuna matan sun rungumi injin hannu bibbiyu. Ba wanda ya riƙe min biro. Ni na zauna na tsara shi, da Turanci mai santsi.

Bayan an gama na kai mata littafin. Ta wanke hannu sosai kafin ta taɓa, ta ce in karanta mata wurinta. Na karanta ina fassara mata har na iso ɗigon nan uku. Tana gyaɗa kai, tana jira. Sai na ƙarasa mata sauran da ka, yatsana yana bin layin ƙaryata.

Ta ce, "Madalla. Yanzu ko na mutu, manya sun ji."

Ta hana ni littafin. Yana cikin akwatinta, naɗe da sabon zane, kuma duk baƙon da ta ji ya iya Turanci sai ta ciro ta buɗe masa shafin.