Mai Tiyo da Itatuwansa Masu Yawo

Mai Tiyo ake ce masa. Ko matarsa, Allah ya jiƙanta, haka take kiransa in ya ɓata mata rai. Shekara ashirin da biyu ya yi yana ban ruwa a wurin renon itatuwa na wata ƙungiyar ƙasashen waje mai kare muhalli. Dogo ne, siriri, ƙafarsa kullum a jiƙe, in ka gaishe shi sai ya gama duba bakin tiyonsa sannan ya amsa. A tsawon shekarun nan sau biyar aka sauya allon bakin ƙofa. An yi na yaƙi da zaizayar ƙasa, an yi na ci gaba mai ɗorewa, an yi na sauyin yanayi, sauran biyun ko waɗanda suka rubuta su sun manta. Kowane allo da shugabansa yake zuwa, da sabuwar mota, da riga mai hoton ganye a ƙirji. Rigunan kam sun yi albarka, har tsumman goge tukunya sun bayar a gidansa.

Shekarar farko da zuciya ɗaya ya yi aiki, kamar kowane sabon shiga. Dashe ɗari biyar ya rena, aka kai su wani fili a bayan gari. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, wani jakada ya durƙusa da farin wandonsa ya zuba ƙasa cikin rami, aka tafa, aka ɗauki hoto. La'asar na yi aka kwashe rumfa da kujeru, motar ruwan ma ta bi sahu. Shingen da zai kare dashen yana cikin takarda, wai sai zango na biyu. Su kuwa awaki ba su yi boko ba, ba su san da zango na biyu ba. Sati uku Mai Tiyo yana ɗaura jarka biyu a keke yana kai ruwa, har ranar da ya je ya tarar da ramuka ɗari biyar suna kallon sama. Rahoton shekara ya ce an dasa ɗari biyar. Ba ƙarya aka yi ba, dasawa kam an dasa.

Bai yi kuka ba, bai kuma kai ƙara ba. Dabara ya koya. Daga ranar, in za a yi taron dashe, shi ke haƙa ramin, shi ke saka dashen, amma da ledarsa, ba ya yanke ta. Babban baƙo ya zuba ƙasa, ya yayyafa ruwa, ya yi wa mai hoto murmushi. Motoci na ɓacewa sai Mai Tiyo ya turo baronsa, ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da su inuwa kusa da famfo. Shugabanni sun sani, sun kuma ƙi sani, don dashen da ya saba da taro ya fi kyau a hoto.

A haka wasu guda arba'in suka zama 'yan gida, mangwaro da darbejiya. Da suka fi ƙarfin leda ya mayar da su buhu. Saiwar da ta leƙo waje ya datse ta, reshen da ya yi tsawo ya rage shi don ya shiga bayan mota. Direban ƙungiyar, wani mai tumbi da ba ya gajiya da tsokana, shi ke kai su yana dawo da su.

"Baba, wannan mangwaron ya fi ni ganin manya. Jakadu nawa suka dasa shi?"

"Shida."

"Kai! Ranar da ya tashi yin 'ya'ya da Turanci zai yi su. Ni fa gaba zan riƙa sa shi, kai ka hau baya."

"Ja motarka, sarkin surutu, rana tana dukan su."

Iyakar hirar Mai Tiyo ke nan. Tun rasuwar matarsa bakinsa ya ƙara nauyi. Ya ci abin da aka ba shi, ya kwanta, ya tashi, ya ja tiyo. In an yi haihuwa a dangi ya ce madalla, in an yi mutuwa ya ce Allah ya jiƙa, duk da murya iri ɗaya.

Wata safiya shugaba ta ƙarshe ta aika a kira shi ofis. Yarinya ce sa'ar 'yarsa, mai tabarau da ladabi. Ya tarar da kwalaye a ƙasa, an cire taswirar bango, sai tabon inda take.

"Baba, zauna mana."

"Ƙafata a jiƙe take, ranki ya daɗe."

"Aikin ya ƙare, Baba. Ƙarshen wata za mu rufe. Mai filin zai karɓi abinsa, shaguna zai gina."

"To."

"Za a ba ka takardar yabo."

"To. Su fa?" Ya nuna taga da haɓa.

Ta leƙa, ta ga buhuna arba'in a jere. Ta cire tabarau ta goge. "A takarda, Baba, waɗannan duk an riga an dasa su. Ba ni da inda zan rubuta su. In kana so, naka ne."

Ga mutum da ɗaki ɗaya a gidan haya, an ba shi gadon itace arba'in, da kwana goma sha tara ya san inda zai kai su. Kyautar giwa ga mai akurki.

'Yarsa ce ta fitar da shi. Malama ce a wata makarantar firamare mai katanga da famfo, bakinta kuwa na uwarta ne sak. Ta shiga ta fita har aka ba ta gefen filin wasa.

"Amma Baba, da sharaɗi," in ji ta. "Nan ba wurin taro ba ne. In ka dasa, ka dasa ke nan. Na gan ka da baro da la'asar, sai na sa mai gadi ya kama ka."

"Na ji, uwata."

Direba ya yi sawu huɗu ranar Asabar, bai karɓi ko godiya ba. Mai Tiyo ya haƙa ramuka arba'in, masu faɗi, ya zuba taki. Sannan ya ɗauki wuƙa ya farka buhun farko.

Saiwar ta naɗe kamar gammo. Ta je bangon buhu ta juyo, ta sake zuwa ta sake juyowa, shekara da shekaru, har ta ɗaure kanta tamau. Ya zare buhun, ƙasar ta tsaya da siffar buhu, ko ɓurɓushi bai zuba ba. Ba zai ce bai sani ba. Wanda ya yi shekara ashirin da biyu a cikin dashe ya san saiwar da ta saba da juyawa, ko an ba ta duniya, juyawa za ta ci gaba da yi. Ya kuma san maganin: a tsaga gammon da wuƙa ta gefe huɗu, a yanke gindinsa, ba tausayi, don dole ta fitar da sabuwa.

Da ƙananan ya fara. Ya tsaga, ya yanke, ya binne. Guda tara ya yi wa haka. Da ya zo kan na goma, ɗaya daga cikin tsofaffin, ya ɗora wuƙa a kan saiwa mai kaurin babban yatsa, sai hannun ya tsaya. Ba wani abu ya ji a ransa ba, hannun ne kawai ya ƙi.

"Baba, lafiya?" in ji 'yarsa, wadda ke tsaye a gefe.

"Waɗannan sun tsufa. In na yanka ba za su ɗauka ba."

"Kai ka san aikinka."

Ya ɗan sosa gefen da yatsa, ya saka shi a rami yadda yake. Haka ya yi wa sauran talatin. Ya kafa wa kowanne sanda, ya ɗaure.

Wata biyu yana zuwa kullum da safe, ba albashi, ba riga mai ganye. Taran da ya yanka suka zubar da ganye, suka tsaya tsirara kamar an yi musu fashi. Tsofaffin kuwa shar da su, har malamai na tsayawa suna yaba hannunsa. Ya ce madalla.

Ruwan farko da iska ya zo, ranar Laraba bayan an tashi yara. Awa guda ana zuba shi. Washegari ya iso ya tarar da 'yarsa tsaye a filin, ta riƙe takalmanta a hannu. Ƙasa ta yi laushi, sandunan sun bi iska. Tsofaffin suna kwance, kowanne da gammonsa a sama, sumul, yadda aka saka shi haka ya fito. Ko saiwa ɗaya ba ta shiga ƙasar makarantar ba. Taran nan marasa kyan gani suna tsaye, sun ɗan karkata, da 'yan tohon ganye ja a kansu. Ya kama ɗaya ya ja a hankali. Ƙasa ta riƙe.

"A mayar da su ramin mana," in ji ta. "In kira mai gadi ya taya mu?"

"Ko an mayar, iska ta gaba za ta fitar."

"To a yanka saiwar yanzu."

"Da ganye cike a kansu, ga rana tafe? Lokacin yanka ya wuce."

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Baba, ka ce wani abu mana. Ko zagi ne ka yi."

Ya bi layin da ido, daga wannan kai zuwa wancan.

"Tara," ya ce. "Samo min turaka tara masu ƙarfi, da igiya."

"Sauran fa?"

"A ja su gindin katanga. In sun bushe, a ba mai dafa wa yara abinci."

Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya shiga taɓo, ya fara taka ƙasa a gindin na farko.