Ranar da Inna ta Tafi Gidan Babanta

HUNKUYI

Ana kiran assalatu na bar gida, ko koko ban tsaya dama wa yara ba. Tun magaribar jiya Yaya Sani ya kira ni daga Malikanchi ya ce Inna ta fita da hantsi ba ta dawo ba. Inna mahaifiyarmu ce, a hannunsa take tun rasuwar Baba. 'Yan shekarun nan mantuwa ta kama ta: ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, ta idar da sallah ta sake tayarwa. Mu dai mun ɗauka tsufa ne kawai.

Ya ce sun duba rijiyoyi, sun bi bakin rafi. Damina ce, masara ta fi mutum tsayi, ko'ina ruwa ya kawo. Daga baya wata mai ƙosai ta ce ta gan ta tana shiga motar Makarfi da ƙunshin zannuwa, wai za ta gidan babanta. Mutumin da ya rasu tun ba a haife ni ba. Muka yi da Yaya mu haɗu a tashar Makarfi.

Maigidana ya kai ni tasha a mashin, ya ce in riƙa kiransa duk inda na sauka. Motar ƙarama ce, mu huɗu a baya da buhun barkono a kan ƙafafunmu. Duk kududdufin da muka wuce sai na leƙa.

TASHAR YARI

A Zariya na sake mota, muka hau titin Kano. Kafin Tashar Yari akwai shingen jami'an tsaro. Da direba ya rage gudu na roƙe shi ya tsaya, na miƙa wa wani jami'i wayata da hoton Inna na ranar Sallah. Ya duba da kyau, ya nuna wa abokan aikinsa, duka suka girgiza kai. Cikin tausayi ya ce idan na isa in fara tambaya a asibiti, har da ɗakin da ake ajiye waɗanda ba a san danginsu ba.

Na gane abin da yake nufi. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta kama hannuna ta riƙe har muka sauka, tana ta karanta min addu'a. Ta saya min waina a tasha, na karɓa don kada ta ji ba daɗi, amma ko ɗaya ban ci ba.

MAKARFI

Wajen ƙarfe tara muka shiga Makarfi. Ranar kasuwa ce, manyan motoci sun cika hanya, mutane kamar ƙasa. Na hango Yaya Sani a gindin wata bishiya, wandonsa duk laka, idanunsa jajir. Ko gaisawa ba mu yi da kyau ba muka shiga bin 'yan kamasho da hoton.

Da ƙyar aka samo direban da ya ɗauko ta. Ya ce ya tuna ta sarai, don ba ta da ko sisi, ya ce ta bar shi sadaka. Amma ba ta ƙaraso gari ba. A wata kwana ta buga mota ta ce an zo gidansu, ya sauke ta.

Muna cikin wannan magana wani ɗan acaɓa ya sa baki. Ya ce shi dai bai san ko ita ce ba, amma jiya da yamma a wani ƙauye bayan wannan kwanar an kama wata tsohuwa, an ce mayya ce, ta shiga gidan mutane ta goya jariri. Yaya ya tambaye shi tana raye? Ya ce lokacin da ya bar wurin dai ana jifa.

Ban san lokacin da na hau mashin ɗinsa ba, Yaya a bayana.

HANYAR ƘAUYE

Hanyar ƙasa ce tsakanin gonakin rake, raken ya rufe mu hagu da dama, ba ka ganin komai sai sama. Sau biyu muka sauka muka tura mashin a cikin taɓo. A wani rafi ruwa ya kai min gwiwa, na cire takalmi na riƙe a hannu. Sabis ya ɗauke, ba damar kiran maigida. Abin da ke yawo a kaina shi ne jikin Inna, yadda ta rame, yadda ko tuntuɓe ta yi sai ta yi mako tana ɗingishi. Dutse ɗaya ya ishe ta.

Da muka shiga ƙauyen, yara suka daina wasa suka bi mu da ido. Ba wanda ya amsa sallamarmu da ƙarfi. Ɗan acaɓan ya ajiye mu a ƙofar wani gida mai jan ƙyaure, ya ja gefe bai kashe mashin ba. Duwatsu da guntayen bulo a warwatse a ƙofar, ƙyauren ya lotsa wuri uku. Wani dattijo na zaune a kan tabarma daidai bakin ƙofa da sandarsa, matasa kuma sun yi cirko-cirko a inuwar da ke fuskantarsa.

Mai unguwa ne. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, na durƙusa a bayansa. Bayan doguwar gaisuwa Yaya ya nuna masa hoton.

"Ranka ya daɗe, mahaifiyarmu ce. Ba ta da lafiya."

Dattijon ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Tana ciki. Da ranta. Ku gode wa Allah, ku gode wa matar gidan nan."

Matar gidan ana ce mata Maman Rahila, Kirista ce, ita da mijinta daga kudancin Kaduna suka zo noma shekaru da yawa. Ta ba mu labari a tsaye, tana magana ƙasa-ƙasa. Tana dawowa daga gona ta tarar an zagaye tsohuwa ana ihu. Inna ta shiga gidan maƙwabta ta samu jariri kwance yana kuka da zazzaɓi, uwar ta zaga bayan gida, sai ta ɗauke shi ta goya tana jijjigawa. Da aka tambaye ta daga ina take, ta ce nan ne gidansu, ta kira sunayen mutanen da ba wanda ya sani. Shi ke nan aka ce ta zo kama kurwar yaro. Maman Rahila ta ce surukinta ya yi irin wannan ciwon kafin ya rasu, tana ganin idon Inna ta gane. Ta kutsa ta jawo ta, ta tura ta ɗaki ta sa sakata, ta aika a kira mai unguwa. A ƙofar ya kwana.

Inna na zaune a bakin gado, an ɗaure mata goshi da tsumma, jini ya bushe a gefen kunnenta. An sa mata zanin Maman Rahila. Tana riƙe da kofin kunu. Na faɗa jikinta ina kuka, ita kuwa ta janye kofin don kada ya zube, ta tambayi Maman Rahila ko baƙi aka yi.

Fitowa da ita ne ya zama aiki. Uban jaririn ya tsaya a hanya, ya ce tun jiya yaron bai kama nono ba, idanunsa sun kakkafe, ba inda tsohuwa za ta sai ta tsallaka shi ta saki kurwarsa. Matasan suka matso. Na san in yaron nan ya mutu muna wurin, ba mai unguwa ba, ko wa ye ba zai iya tare su ba.

Yaya Sani ya yi ta maza ya ce, "Malam, mu ma asibiti za mu kai ta. Ka ɗauko ɗanka mu tafi tare. In likita ya ce ba ciwo ba ne, ga ni, ka riƙe ni."

Matar mutumin ce ta fito da yaron a kafaɗa, ba ta ko dubi mijin ba, ta ce ita dai za ta bi mu. Mijin Maman Rahila ya samo a-kori-kura da ta zo ɗaukar rake, muka hau baya, Inna a tsakaninmu ni da Yaya. Duk hanyar idona na kan ƙirjin jaririn, ina duba ko yana motsi.

ASIBITI

Bayan azahar muka isa asibiti a Makarfi. Aka karɓi yaron da gudu. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne ya yi masa mugun kamu, aka sa masa ruwa da allura. Ba mu iya tafiya ba sai da la'asar, da uwar ta leƙo ta ce ya kama nono. Uban ya fito. Ya wuce ta gabanmu kansa a ƙasa.

Inna aka yi mata ɗinki a goshi. Likitar da ta duba ta ta zaunar da mu ta ce wannan ciwon mantuwa ne, a ƙwaƙwalwa yake, ba maita ba, ba aljanu ba. Ta ce ba ya warkewa, kuma zai ƙaru. Kada mu yi musu da ita in ta ce za ta gidan babanta, a lallaɓa ta a ce sai an ci abinci. A ɗinka mata sunanta da lambar waya a jikin zani, a gaya wa maƙwabta halin da take ciki, kuma kada a bar wa mutum ɗaya jinyar, don zai gaji ya kwanta shi ma. Yaya ya sunkuyar da kai. Matarsa na da goyo ga aikin gona, ita kaɗai ke fama.

IKARA DA MALIKANCHI

Muka bi ta Ikara muka sayi maganin da aka rubuta, muka isa Malikanchi ana kiran magariba. Gidan cike da 'yan jaje. Matar Yaya na ganin Inna ta zube a ƙasa tana kuka, ta ce ruwa kawai ta je ɗebowa. Ba wanda ya ga laifinta. A nan muka yanke shawara Inna ta koma wurina har a gama girbi, tunda gidanmu na da ƙofa ɗaya, ni kuma ɗinki nake yi a tsakar gida, idona na kanta.

KOMAWA HUNKUYI

Da safe muka ɗauki shatar mota, don ba zan iya saukar da ita a tasha uku ba. Na zauna ta wajen ƙofa na riƙe gefen zaninta. Da muka zo kwanar nan ta ɗaga kai ta dubi gonakin rake, sannan ta koma ta jingina. Da azahar muka sauka lafiya.

Ina gode wa Allah da ya dawo mana da ita. Ina gode wa mai unguwar da ya kwana a ƙofa, da Maman Rahila da ta tsaya gaban duwatsu saboda tsohuwar da ba ta ko san sunanta ba.

Har yau ko motsin ƙyaure na ji sai gabana ya faɗi. Inna kuwa ta sake. Ta ɗauke ni ƙanwarta Ladi, wadda ta rasu suna 'yan mata. Jiya ina kan keken ɗinki ta kira daga tabarma, "Ladi, zo ki tsefe min kaina."

Na ajiye ɗinkin na ce, "Ga ni nan, Yaya."