Digar da Bello Ba Ya Ba da Aronta

Bello ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsugune bakin famfo ina cika jarkoki. Waya ta yi ƙara, na ga sunan Yaya Sani, wansa, na ɗauka da dariya a bakina, don na zaci Bello ne ya ari wayar zai yi mini tsiyar makara. Sai na ji muryar Yaya Sani: "Nasiru, bar abin da kaka yi ka taho. Taubashinka ya cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jarka ta cika tana zuba a ƙafata, na kasa kashe famfon.

Ga wanda bai san shi ba, Bello mai gyaran keke ne a bakin tasha nan Illela. Ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara muke cin naman juna da baki. Duk bidiyon da kuke gani ina ɗorawa a nan, muna gangarowa daga tudun marmaran nan na hanyar Amarawa a kan kekuna, kuna cewa ba mu da hankali, to hanyar da muke bi ɗin aikin Bello ce. Shi ya zana ta, shi ya zaɓi duk ƙarfen da aka sare ta da shi.

Kuma bai taɓa hawanta ba. Ko sau ɗaya.

Yau Asabar ce ranar da muka sa za mu daɓe kwanar ƙarshe kafin ruwan farko ya sauka, shi kuma ya gangaro daga sama har ƙasa. Ruwan daɓen ne nake cikawa a jarkoki.

Abin ya faro ne lokacin da kekunan gwanjo masu giya da manyan tayoyi suka fara shigowa ta Konni. Na nuna masa bidiyon wasu Turawa suna gudu a duwatsu, na ce mu ma ai muna da tudu. Na ɗauka zai yi mini dariya. Sai ya karɓi wayar, ya yi ta mayar da bidiyon baya, ashe shi ba masu keken yake kallo ba, ƙasar da ke ƙarƙashin tayarsu yake kallo. Ya ce, "Wanga ba daji ba na, gina shi anka yi. Mu ma sai mu gina."

Ni dai kun san ni, gaggawa. Washegari na zo da sabon shebur, na hau tudu na kafta wa marmara, bakin shebur ɗin ya naɗe kamar tabarma. Bello ya yi dariya har sai da ya zauna ƙasa. Daga ranar ya raɗa mini Alhaji Shebur, har 'ya'yansa haka suke kirana.

A wurinsa kowane ƙarfe da aikinsa. Diga ita ke fasa marmara. Dagi na ɓamɓare dutsen da ya kafe ne. Hauya ta gyara fuskar hanya, manjagara ta ja tsakuwa gefe, shebur kuwa ba ya tono, kwasa kawai yake yi. In ya gan ka kana ɓamɓarar dutse da bakin diga, wallahi daga ƙasan tudu za ka ji muryarsa: "Mi ta yi maka? Matarka ta, da za ka kashe ta da aiki?"

Zuwa kasuwa da shi sayen diga kuwa azaba ce. Sai ya ɗaga wannan ya ƙwanƙwasa da sifana ya kara a kunne, ya ajiye, ya ɗauki waccan. Mai kaya ya gaji, ni na gaji, shi ko a jikinsa. In ƙarfe bai yi masa ƙara mai tsawo ba, ya ce wannan gwangwani ne aka shafa wa fenti.

Ƙotar kasuwa kuwa ba ya ko kallonta. Itacen aduwa yake nema, ya feƙe da hannunsa, ya tsayar da kai ya gwada tsawonka kamar tela. Kowa a cikinmu da ƙotarsa. Tawa doguwa ce, don ya ce Allah ya ba ni tsawo ya hana ni haƙuri, kar kuma baya ya ƙaru a kai. Da yamma ya jiƙa su a ruwa don kan ya kama, da safe ya bi bakin kowace da magagari.

Kada ku ce komai nasa daidai yake fita. Akwai ranar da ya je wurin wani maƙeri a Amarawa ya sa aka ƙera masa abin da ya gani a bidiyo, gefe ɗaya manjagara, gefe ɗaya faffaɗar hauya. Da aka kawo, mutum biyu suka sauke shi daga babur. Na ce, "Injiniya, wannan sai dai a ɗaura wa raƙumi." Ya yi fushi da ni har la'asar. Daga baya ya koma aka sake ƙera wani da tsohon sifirin mota, marar nauyi, kuma shi ne ya fi komai amfani a tudun nan. Na farkon yana nan a shagonsa, da shi yake tokare ƙofa.

Ma'auninsa buta ce. In mun gama sashe muna murna, sai ya zo da butarsa ya tsiyaya ruwa a tsakiyar hanya ya tsaya yana kallo. In ruwan ya sulale gefe, ya ce madalla. In ya bi hanyar ya miƙe, to a sake. Ya ce, "Ruwa ka fara hawa hanya, keke daga baya ya ka zuwa. In ba ka nuna mai ƙofa ba, shi ka buɗe tashi." Sau nawa na so in jefar da butar nan cikin kwazazzabo, Allah kaɗai ya sani.

Kwanonin kuwa, inda keke ke kwantawa in ya sha kwana, da madaɓi muke dake su, irin wanda Inna, mahaifiyarsa, take daɓen ɗaki da shi. A yayyafa ruwa, a daka, a bari ya sha iska, a sake. Maza gandama-gandama a kan tudu muna daɓe kamar masu shirin kawo amarya, makiyaya su wuce ta burtali suna mana dariya. Bello ya kira su ya wasa musu addunansu, su kuma gobe su aiko da nono.

Mutum ne mai kyauta. Yaran makaranta ba ya karɓar komai in ya yi musu faci. Hular kwanon da nake sawa tasa ce, ya cire ya kifa mini ranar da na faɗi na fasa goshi, ya ce kaina babu komai a ciki amma dai a rufe.

Amma kayan aikinsa, a'a. Ba ya ba da aro.

Ka nemi rigar wuyansa zai ba ka. Ka ce ya ara maka diga, sai ya ce zanen aro ba ya rufe katara, je ka sayi taka. Yaya Sani da kansa ya nema zai haƙa tushen katanga, Bello ya gwammace ya rufe shago ya je ya haƙa masa da hannunsa, ya dawo da digarsa a kafaɗa. Na sha ce masa marowaci, ya ce ya ji.

Wuri ɗaya kaɗai kayan nan suke zuwa ban da tudu. In aka yi rasuwa a unguwa, tun kafin a aiko, za ka ga Bello ya fito da babbar digarsa da dagi ya nufi maƙabarta, don ƙasarmu a can ma marmara ce, kayan masu haƙa kuma duk sun dakushe. Na taɓa tsokanarsa na ce ashe dai ana ba da aro, sai mutum ya mutu. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wanga ba aro ba na, Alhaji Shebur. Adashe na. Kowa da ranar kwasarshi."

Tun farko ya rantse ba zai hau hanyar ba sai ta kammala. Mu muna ta hawa rabi, muna faɗuwa, muna tashi, shi yana tsaye da hauya yana duba inda taya ta ci ƙasa. Ya ce yana so ya sha ta gaba ɗaya, daga sama har gindin aduwar da ke ƙasan tudu, ba tare da ya sauko ya tura ba.

Sai ciwon ƙirji ya kama shi bayan kaka. Likita ya hana shi ɗaga diga. Duk da haka a bayan babur nake kai shi, ya zauna a inuwa da buta da magagari, yana wasa mana baki, yana mana faɗa. Ya rame, amma bakin nan bai rame ba. Na ce masa ya hau abin da aka gama mana, ai saura kwana ɗaya tak. Ya ce ba a ba baƙo tuwo a tukunya.

Shekaranjiya da yamma na biya ta gidansa. Na same shi a zaure a kan tabarma, kekensa a jingine, ya goge shi fes. Hadari ya ɗan haɗu a gabas ya watse, yana ta leƙensa ta ƙofa. Ya ce in ruwa ya riga mu, ƙasar kwanar da muka tara ba a daɓe ba duk za ta bi kwazazzabo, sai kuma bayan damina. Na ce likita fa? Ya ce, "Gangara ta, Nasiru. Ba ni ka tuƙi ba, tudu ka tuƙa ni. Ni dai birki za ni riƙe."

Sannan ya miƙo mini famfon keke, ya ce in ba tayoyin iska, don shi numfashinsa ba ya kai wa. Na buga, ya matsa da yatsa ya ce ya yi yawa, in rage, marmara ba ta son taya mai tauri. Na rage. Na ɗiga wa sarƙa mai. Da zan fita ya ce, "Asabar ka zo da ruwa da yawa. Kuma don Allah kar ka taɓa shebur."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ina fita ina ce masa tsoho mai rigima.

Yau da na isa gidan, abokan hawanmu duk suna ƙofa, wasu da kayan aiki a jikinsu don sun riga sun kama hanyar tudu aka kira su. Yaya Sani ya fito da mabuɗin shago ya sa mini a hannu. Na je na buɗe, ga kayan aikinsa nan a jere a bango, daren jiya ya sa an jiƙa ƙotocin, bakin kowace yana ƙyalli. Ya shirya su tsaf don aikin yau.

Muka kwashe su muka tafi maƙabarta.

Ni na fara sara. Digarsa ta shiga marmara ba gardama, ƙotar ta yi mini gajarta don tsawonsa aka gwada, na sunkuya ina sara ina kuka, ban ji kunyar kowa ba. Dagi ya ɓamɓare duwatsun, hauya ta gyara ramin ciki. Jarkokin da na cika don daɓen kwana, da su aka kwaɓa ƙasar rufe shi.

Da za a fito da shi daga gida, sai da aka matsar da keken daga zaure don makara ta wuce. Ni na matsar. Iskar da na buga tana nan a tayoyin.

Bai hau ba, jama'a. Abin da ke cina ke nan. Mu da muka yi ta gaggawa mun hau ta har mun gaji, shi da ya gina ta bai san daɗinta ba.

Bayan an watse na tsaya na gyara gefen kabarin da hannu, na ɗan karkata ƙasar yadda ruwa zai sulale ya bar shi. Sauran ruwan jarka na tsiyaya kaɗan a gefe na duba. Ya bi inda ya kamata.

Kayan na wanke su na mayar bango, kowanne a ƙusarsa. Yaya Sani ya ce mabuɗin ya zauna a hannuna. Gobe da sassafe, in hadarin nan ya yi mana haƙuri, za mu je mu daɓe kwanar. Kuma tun yanzu ina faɗa, kar wanda ya zo mini aron diga. Amma in an yi rasuwa, ba sai an aiko ba.

Allah ya jiƙan Bello, ya gafarta masa, ya yalwata masa makwancinsa, ya haskaka shi. Yadda ya sassauta wa mutane haƙa a ranar baƙin cikinsu, Allah ya sassauta masa tambaya. Allah ya ba Inna da iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Kai da ka karanta har nan, ko ba ka san shi ba, don Allah kar ka wuce haka. Ka yi wa taubashina addu'a da sunansa, Bello mai gyaran keke.