Abdurrazak Ilu da Gwajin Idon da Aka Soke

Haihuwa da riƙo

An haifi Abdurrazak ranar Talata, 14 ga Maris, 1961, a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Douala. Mahaifinsa shi ne Malam Ilu ɗan Mudi, tela a bakin kasuwa, wanda kuma shi ne ya rubuta wannan tarihi domin jikokinsa. Mahaifiyarsa ita ce Zinariya, wadda ta rasu a shekarar 1986.

Kasancewarsa ɗan fari, iyayensa sun bi da shi yadda suka taras ana yi a gidansu: ba su kiran sunansa, ba su ɗaukarsa a gaban mutane, kuma ba su tsayawa kallon fuskarsa. Da aka yaye shi a 1963, sai aka miƙa shi riƙo ga Malam Husaini, wan mahaifinsa, maƙerin akwatunan ƙarfe a unguwar Nkololoun. Daga wannan shekara Malam Husaini ne ya tsaya masa a matsayin uba a duk inda ake neman uba, kuma babu wanda ya ga aibin hakan a cikin dangi.

Karatu da aiki

Ya fara karatun allo yana ɗan shekara biyar, ya shiga makarantar boko a 1967, ya kuma sami takardar kammala ƙaramar sakandare a 1978. Malamansa sun shaide shi da kyan rubutu da iya Faransanci. Duk takardar da makaranta ta aiko, Malam Husaini ne ya dangwala mata yatsa.

A 1980 wani kamfanin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ya ɗauke shi aikin akawu. Aikinsa shi ne buga jerin kayan da jirgi ya sauke a keken rubutu, sannan ya bi su layi-layi ya tabbatar babu abin da aka tsallake. Ya shekara bakwai a wannan kujera ba tare da an kama shi da kuskure ba.

Aure da zuri'a

A watan Disamba na 1983 ya auri Sa'ida, 'yar Alhaji Idirisu, ɗan kasuwa mutumin Sakkwato da ke sayar da yadi a New Bell. Malam Husaini ne ya karɓa masa aure. Suka zauna a ɗaki biyu na haya kusa da masallacin unguwa, inda Allah ya azurta su da 'ya'ya uku.

Farkon lalura

A farkon 1988, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya karye ana ta rage ma'aikata, shugabansa ya lura cewa ya fara tsallake layi a takardu, yana kuma daɗewa a kan shafi guda. Daga baya Abdurrazak ya shaida wa matarsa cewa yana jin muryoyi suna karanta masa sunayen jirage daga cikin keken rubutu. An sallame shi a watan Yuni tare da mutum goma sha ɗaya, aka rubuta cewa ragin ma'aikata ne.

An yi masa addu'o'i da rubutun sha har tsawon shekara guda. A 1989, bayan ya kwana uku bai ci abinci ba domin yana zargin an sa masa wani abu, Sa'ida da Malam Husaini suka kai shi sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a cikin gari. Likitoci suka kira cutar sikizofireniya, suka ɗora shi a kan allura sau ɗaya a wata. Muddin ya sami allurar yakan zauna lafiya da iyalinsa. Idan ta yanke, cikin mako shida yakan bar gida ya kama tafiya.

Binciken ido

A watan Fabrairu na 1990, wata likita mai suna Dokta Ebelle ta fara bincike a sashen, da tallafin wata jami'a ta ƙasar waje. Tana son ta gano ko yadda idon mai wannan cuta yake bin abu mai motsi yana da alaƙa da raunin natsuwa da tuna abubuwa, da kuma ko ana samun irin wannan ido a iyayen da su ba su da cutar. Akan zaunar da mutum a ɗaki mai duhu, a manna masa wayoyi a gefen idanu, ya riƙa bin wani ɗigon haske da ke tafiya dama da hagu, inji kuma yana zana tafiyar idon a kan doguwar takarda. Idon mai lafiya yakan zana layi sumul. Na Abdurrazak ya riƙa tsayawa, sannan ya yi tsalle ya cim ma hasken. Bayan haka sai a yi wa mutum tambayoyi, a karanta masa kalmomi ya maimaita.

Likitar ta faɗa musu tun farko cewa gwajin ba magani ba ne. Amma duk wanda ya shiga binciken za a riƙa yi masa allurarsa kyauta, da sharaɗin ya zo da uwa ko uba a gwada su tare. Dangi ba su yi wata shawara a kan wanda zai je ba. Malam Husaini ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi, aka rubuta shi uba, aka gwada shi, idonsa ya zana layi sumul. Ya dawo yana cewa, "Mutumin da ke tsintar ƙusa a cikin taɓo, shi za a gwada wa ido da fitila?"

Wata goma sha shida Abdurrazak bai rasa allura ba. Ya sami teburi a ƙofar shagon surukinsa yana rubuta wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki, yana kuma kai babbar 'yarsa makaranta da kansa.

Soke gwajin

A cikin tambayoyin da ake maimaita masa duk bayan wata uku akwai sunan mahaifi. Sau biyar yana amsawa da Ilu, sau biyar mataimakin likitar yana duba fayil ya ga Husaini, ya rubuta cewa mara lafiya ya rikice. A watan Yuni na 1991 likitar ta nuna wa Sa'ida wannan, tana cewa ƙwaƙwalwar mijinta ba ta gyaru ba a wannan fanni. Sa'ida ta ce, "Dokta, ai gaskiya ya faɗa. Baba Husaini riƙonsa ya yi."

Dokta Ebelle ta bayyana cewa gwajin Malam Husaini bai da amfani a wajenta, kuma masu ba da tallafi ba za su bar sunan Abdurrazak a jerin binciken ba sai uban jini ya zo. Aka dakatar da allurar kyauta daga watan Yuli.

An aika wa Malam Ilu sau uku bai je ba. A lokacin ana yajin aikin gama-gari da aka kira vil mort, kasuwanni a rufe, babu taksi sai Asabar da Lahadi, kuma da wannan ya riƙa ba da uzuri. Hakikanin dalilin shi ne an gaya masa za a zaunar da shi ɗaki guda da ɗansa na fari, a yi ta tambayarsa a kansa a gaban baƙi. A watan Satumba Sa'ida ta je shagonsa, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Baba, jiya can bayan gari a Japoma aka tsinto shi, ba takalmi. In kunya ce, ni zan juya baya."

Washegari ya tafi asibitin a ƙafa. Aka manna masa wayoyin, ya bi hasken iyakar iyawarsa, takardar ta fito da tsalle-tsalle irin na ɗansa. Likitar ta ce hakan ba ya nufin yana da cutar, kuma ba ya nufin jikokinsa za su yi ta, sai dai abu ne da ya kamata a sani. Ta tambaye shi ko ya lura da wani abu a idon Abdurrazak tun yana yaro. Ya amsa cewa bai san yadda idon yake ba.

Shekarun ƙarshe

An aika da sabon fayil ƙasar waje domin a mayar da sunan Abdurrazak cikin jeri. Kafin amsa ta zo, aka dakatar da tallafin a watan Maris na 1992, aka kulle ɗakin gwajin. Waɗanda sunansu ke cikin jeri an ba su ragowar allurar da ta ishe su shekara guda da wani abu. Abdurrazak ba ya ciki. Dokta Ebelle ta bar ƙasar a 1993, bayan an zabge albashin ma'aikata.

Mahaifinsa da Malam Husaini da Alhaji Idirisu sun ci gaba da sayen allurar, wani watan a samu, wani watan a rasa. Bayan an karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, allurar ta ɓace daga kantunan magani na unguwa gaba ɗaya. Abdurrazak ya koma tafiye-tafiyensa, yawanci ta hanyar Yaoundé, Sa'ida da mahaifinsa suna bin sawu suna tambayar masu shaguna.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar Asabar, 9 ga Afrilu, 1994, da hantsi, bayan wata motar katako ta buge shi a kan titi kusa da Yassa. Yana da shekara talatin da uku. An yi masa salla bayan la'asar a ƙofar masallacin unguwa, aka binne shi a maƙabartar Musulmi. Allah ya gafarta masa, ya sa jinyarsa ta zama kaffara.

Ya bar mata ɗaya, Sa'ida, da 'ya'ya uku: Jannat, mai shekara tara, Mukhtar, mai shekara bakwai, da Bilya, mai shekara huɗu. Dukansu suna New Bell a gidan kakansu Malam Ilu, ba a raba su ba, kuma babu wanda aka gwada wa ido a cikinsu.

Idan wata rana wani likita ya tambaye su asalinsu, a faɗa masa daidai: ubansu Abdurrazak ne, kakansu na jini Ilu ne, kuma an gwada idon Ilu a watan Satumba na 1991, bai zana layi sumul ba.