Baraka Mai Niƙa da Kakin Ɗanta

Duk wanda ya taɓa kai niƙa lungunmu na Ƙofar Kwaya ya san Baraka. Matar yayana ce, marigayi Malam Hussaini. Ta dawo birni ne bayan 'yan bindiga sun faɗa ƙauyensu da rana tsaka, suka harbe mijinta a gona, ɗansu Mudassir na kwance cikin dawa yana kallo. Ta sayar da awakinta ta sayi injin niƙa, ta kafa shi a zaurenmu. Mace ce mai shiru, irin shirun da ke ƙona mani rai, don ni Hadiza magana ba ta kwana a cikina.

Bara aka buɗe ɗaukar 'yan sanda, Mudassir ya nema. Gudu ya wuce, tsawo ya kai, jarrabawa ya ci. Ni har na fara yi wa maƙwabta fankama. Saura mataki guda, ganin likitar ƙwaƙwalwa, mai tantance wanda ya dace a damƙa wa bindiga. Ta gana da shi, sai ta ce ya dawo da manyansa na gida.

Nan fa na tsorata, don akwai abin da muke rufewa. Watannin baya wani dattijo ya kawo niƙan masara a kan babur, ya naɗe fuskarsa da rawani. Mudassir na ganinsa ya finciko shi ƙasa ya shaƙe. Sai da maza suka taru kafin a ɓamɓare hannunsa. Da ya dawo hayyacinsa ya rantse bai san an yi ba. Muka ba dattijo haƙuri, magana ta mutu.

Muna cikin keke napep za mu wurin likitar na ja wa Baraka kunne. "Yaya, don girman Allah ki kama bakinki. Yaron nan shi kaɗai ya rage mana, kuma kakin nan ne zai tsayar da shi da ƙafafunsa." Ta kau da kai tana kallon titi.

Likitar mace ce mai fara'a, muka gaisa har da tambayar gida da yara. Mudassir na zaune gefe, ya dafe gwiwoyinsa. Ta dubi Baraka ta ce, "Hajiya, yaya halinsa a gida?"

Baraka ta sunkuyar da kai. Na yi wuf na ce, "Likita, ɗan fari ne fa. Kin san alkunya, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta yi zancensa a gabansa."

"Gaskiya ne," in ji likita. "To gwaggo, ke faɗa mana."

Ai kuwa na shiga zuba. Salla a kan lokaci, ladabi, biyayya, har da abin da ba a tambaye ni ba. Ta ce ya taɓa ɗaga wa wani hannu? Na dafe ƙirji. "Wa? Shi? Yaron da ko kaza bai iya yankawa!"  Likita ta gyaɗa kai ta ɗauki biro.

"Mudassir ya shaƙe mutum."

Wallahi sai da na waiga in ga ko wata ce ta shigo. Baraka ce. Na take mata ƙafa, ta janye, ta ci gaba.

"In ya ga mai rawani a kan babur, ba ya ganin kowa sai waɗanda suka kashe babansa. Rannan hannu ne, maza suka ƙwace. In bindiga ce, wa zai ƙwace? Ni an kashe mani miji, likita. Ba zan bari ɗana ya kashe ma wata nata ba. Ku duba mani lafiyarsa, kaki ya jira."

Likita ta ajiye biro. Ta ce bana kam babu ɗauka, amma za ta haɗa shi da masu duba shi a asibiti, in ya samu sauƙi ya sake nema.

Muka fito. Haushi ya cika ni har wuya, ga tsoro, don Mudassir ya wuce gaba fuu, hannuwansa a dunƙule. A bakin get ya tsaya cak, ya juyo. Na shiga tsakaninsa da uwar ba shiri. Bai ko kalle ta ba, ni ya duba, idanunsa jajur.

"Gwaggo, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba," ya ce. Ya share fuska da hannun riga. "Sai yau."