Mai Awo da Babinsa na Biyu

Na dawo daga dubiya ƙafafuna suna zugi, na tarar da littattafai goma sha ɗaya jere a kan katifata, masu baƙin bango, kowanne ya kai bulo nauyi. Mai Awo yana tsaye yana musu murmushi.

Na ce, "Wane ofis aka rushe?"

"Kaka, a hankali. Kundaye ne na aro. A ɗakina yara za su yaga."

"Ni kuma fa? A ƙusa za ka rataye ni?"

Ya ce ai ni ba tsawo gare ni ba, gefe ma ya ishe ni. Na sa sanda na ture na sama, ya sauka a kan babban yatsansa. Kwana biyu daga bakin ƙofa yake gaishe ni. Daga baya muka shirya, kundayen suka koma ƙarƙashin gado.

Jikana ne, ɗan babbar 'yata, shekararsa talatin da takwas, 'ya'yansa uku. Aikinsa auna jarirai a ƙaramin asibitin unguwa. Ya rataya yaro a ma'auni, ya duba, ya goge tabarau ya sake dubawa, sannan ya rubuta a kati. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra, sai dai Allah ya yi shi da kwaikwayo. Yana ɗan shekara biyar ya yi wata guda yana ɗingishi, muka yi ta yawon neman magani, ashe tafiyar kakansa ce ta burge shi. Da aka kai shi koyon ɗinki aka ba shi riga ya yi irinta, sai ya kawo ta har da ƙunar dutsen guga a aljihu. Da hannunsa ya ƙona, don ta fito daidai.

Makaranta ya koma ƙaro karatu ne saboda waɗanda ya koya wa riƙe ma'auni sun zama shugabanninsa. Komai ya tafi lafiya har ya zo babi na biyu na kundin binciken da zai rubuta. Ni ban taɓa zama a aji ba, shi ya yi mini bayani: wai wuri ne da mutum zai kawo abin da na gaba da shi suka rubuta a kan magana, kafin ya sa nasa bakin. Tasa maganar ita ce me ya sa ake daina kawo jarirai awo da sun yi 'yan watanni. Sau biyu malamar da ke duba shi ta dawo masa da babin, ya sha jan biro kamar an yanka kaza a kai. Ta ce na uku ne na ƙarshe, in wata ya ƙare bai gyaru ba, sai ya maimaita shekara. Ta ce ya je ya ga yadda wasu suka yi nasu, har ta ba shi wani siririn kundi daga durowarta.

Mai Awo kuwa mutumin ma'auni ne. A wurinsa yaron da ya fi nauyi shi ya fi lafiya. Ya shiga ɗakin ajiyar makaranta yana ɗaga kundaye ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rinjayi hannunsa ya ɗauko. Siririn Malama kuma ya mai da shi mafici.

Kullum in ya taso aiki sai ya zauna a tabarmata yana karantawa da ƙarfi, yana kwafar salon. Wane, shekara kaza, ya ce kaza. Wance, shekara kaza, ta ce kaza. Wane da abokansa, su ma sun ce kaza. Ran nan na ƙirga mutum arba'in kafin in gama tsefe kaina.

Na ce, "Maigida, mutanen nan sun san juna kuwa?"

"Kamar yaya?"

"Na ji kowa ya shigo ya yi maganarsa ya fita, ba wanda ya kalli wani. Ko layin asibitinku ya fi wannan hira. Karanto mini maficin."

Ya karanta yana yatsina fuska. Shafi ɗaya na ce ya dakata. Yarinyar da ta rubuta wannan, ko wace ce, ta iya kai rahoto. Ta ce mutum uku bakinsu ɗaya, na huɗu ya saɓa musu, amma shi a birni ya yi tambayarsa, su a ƙauye. Ta ce na biyar maganar na farko kawai ya maimaita. Sannan ta nuna inda duk suka tsallake.

Na ce, "Ka tuna rikicin famfon gidan nan? Da mai gidan haya ya zo, ce masa na yi matar tela ta ce, matar direba ta ce, in yi shiru? Na gaya masa matar tela da mai kitso bakinsu ɗaya don ɗakunansu na kusa da famfon. Matar direba ta ƙaryata su, amma ranar ba ta gida. Kuma duk cikinsu ba wadda ta duba ta ga bututun ne ya tsage. Minti biyar aka gama shari'a."

Ya buɗe baki yana kallona. Na san wannan kallon, irinsa ya yi wa ƙafar kakansa.

Bayan kwana huɗu ya zo da sabon babi, yana ta washe baki. Ya karanta: "Wane dai kowa ya san halinsa, ba ya nan aka yi. Wance kuwa 'yar amshin shata ce, ba ta da ta cewa."

Na ce, "Innalillahi! Farfesoshin mutane kake zagi?"

"Ai yadda kike yi na bi."

"Ni da na faɗa, shekara talatin na yi ina cin abinci da matan nan. Kai ka taɓa ganin ko takalmin mutumin nan? Yadda na rarraba mutanen za ka ɗauka, ka bar mini bakina."

Saura kwana tara. Ya yayyanka takardu ƙanana, kowane marubuci da tasa, ya baje su a tsakar ɗakina. Masu cewa nisa ne ke hana zuwa awo ya tara su wajen ƙofa. Masu cewa aikin iyaye mata ne, gindin gado. Masu ɗora laifi a kan ma'aikata, kusa da buta. Wani ya rasa inda zai sa shi, ya yini da shi a aljihu. Na hana kowa kunna fanka.

Rana ta shida yana durƙushe a tsakiyarsu sai ya ɗago.

"Kaka, an tambayi iyaye mata. An tambayi maza. An tambayi ma'aikata. A layina kuwa rabin masu goyon tsofaffi ne irinki. Ba wanda ya tambaye su."

Na ce, "Wannan a wane kundi ka gani?"

"Babu shi a ko'ina."

Na tura masa ruwa ya sha.

Malama ta karɓi babin. Jan biro uku kacal, ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran jariri. Ta ce ya je ya tambayi tsofaffin, nan aikinsa yake.

Shekaranjiya, kafin ya tafi ƙauyukan da zai yi wata yana tambayar, ya zo da waya da takardar tambayoyi, wai da ni zai gwada. Ya gyara murya ya ce, "Baiwar Allah, a ganinki me ke hana kawo jarirai awo?"

Na ce, "Rubuta. Bencin ba shi da majingina, layin ba ya tafiya, mai awon kuma sai ya goge tabarau sau biyu a kan yaro ɗaya. In ka je can, ka zauna ƙasa, ka bar su su gama maganarsu. Kuma don Allah kada ka dawo mini kana tafiya irin tasu."